Jirgi Mai Rabin Rana a Wutsiya

Ranar ɗaya ga Oktoba, shekara guda da ba mu jihar Zamfara, na fito daga unguwarmu a Ƙauran Namoda da sassafe, ɗauke da wani faffaɗan katako a ka, an lulluɓe abin da ke kansa da tsohon zanen Inna. An yi ruwa a makon, hanya na da sauran taɓo, don haka nake takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Abokina Sanusi yana gaba yana kore mini awaki, yaran unguwa suna biye da mu suna roƙon a ɗaga zanen su gani, domin bakin fukafukai biyu ya leƙo ta gefe, kowa ya gane jirgin sama ne. Ina aji shida a lokacin. Inna ta wanke mini farar rigar makaranta ta sa mata bula, ta goge ta da dutsen guga na gawayi har tana tsayuwa da kanta. Daga filin makaranta muna jiyo gangar maci. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na safiyar nan ba, kuma kafin azahar na gwammace ƙasa ta tsage in shige.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakana shi ne limamin masallacin unguwa, Baba kuma yana aikin duba makarantu a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, mutum mai tsabta da ƙarancin magana, wanda ko hularsa ba ta karkacewa. A irin wannan gida ana sa ran yaro ya riƙe allo da littafi, ni kuwa hannuna bai san zama ba sai da reza da kara. Duk karan dawar da ya faɗo daga rumfar dabbobi nawa ne. Nakan feƙe ɓawonsa in yi sanduna, in yanka farar tsokar ciki in yi gaɓoɓi, in haɗa su da ƙayar aduwa. Taya kuma daga tsohon silifas nake yankawa. Da ni da Sanusi mun ƙera motocin kara babu iyaka, daga tirela har ƙaramar motar Baba da bai taɓa mallaka ba, muna ja da zare bayan mun gama ɗebo ruwa da yanko wa tumaki ciyawa. Kakana yakan tsaya ya dube su ya ce, “Hannu dai akwai, Allah shi sa kai ya biyo.” Abu ɗaya ya hana: kada in yi siffar mai rai, kada in sa wa komai ido.

Kafin dogon hutu, Malam Habibu, malaminmu na aikin hannu, wani saurayi da bai daɗe da gama kwaleji ba, ya sanar cewa ranar bikin 'yancin kai za a baje kolin ayyukan ɗalibai bayan maci, manyan baƙi za su zagaya su gani. 'Yan mata suka ce za su saƙa faifai da mafici, wasu suka ce tabarma, Sanusi ya zaɓi motar ɗaukar shanu. Ni na ɗaga hannu na ce jirgin yaƙi zan yi. Malam Habibu ya yi murmushi ya ce in dai zan yi, to in yi na gaskiya, domin jirgin soja ba ya tashi haka kawai, kowace ƙasa tana da launin da take shafa wa nata da alamar da take sa masa. Na tambaye shi namu wane iri ne. Ya sosa ƙeya ya ce wannan kuma aikina ne in bincika.

Matsalar ita ce a duk unguwarmu babu wanda ya taɓa ganin jirgin yaƙi. Abin da muka sani shi ne wani farin ɗigo da ke wucewa can sama yana jan farin zare. A littafinmu na makaranta akwai hoton jirgin soja guda ɗaya, ƙarami, baƙi da fari, an buga shi ya dushe har ba a gane gaba da baya. Na je shagon mai aski na ƙare wa kalandarsa kallo, sojoji ne cike da ita amma babu jirgi. Na riƙa bin mai tsire ina roƙon tsofaffin jaridun da yake naɗe nama, ina warware su ɗaya bayan ɗaya, duk sun jiƙe da mai da yaji. Sau ɗaya na samu rabin hoto, hancin jirgi da wani mutum tsaye a gefensa, ragowar ta tafi da tsiren wani. Gidan bidiyo kuwa, inda ake cewa ana nuna yaƙi, ko ƙofarsa ɗan liman ba ya bi. Sanusi ya gaji da ni ya ce, “Kai, ka shafa mai tutar Najeriya ka huta.” Na ce a'a, wannan zato ne, ni sai na ji daga bakin wanda ya gani da idonsa.

Irin wannan mutum kuwa guda ɗaya na sani, yayan Inna, Kawu Dikko. Mutane suna kiransa Kofur saboda ya yi soja a lokacin yaƙin basasa. Bafulatani ne dogo, siriri, yana ɗan jan ƙafar hagu, kunnensa ɗaya ba ya ji, sai ya juyo maka ɗayan in kana magana. Yana zaune a wata 'yar ruga gaba da Moriki, yana noma gero da wake, yana da shanu kaɗan. Ban taɓa jin ya yi zancen yaƙi ba, ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba. Da hutu ya zo na matsa sai an kai ni wurinsa. Baba ya ɗora ni a wata motar kasuwar Shinkafi, a bayan buhunan gishiri, ya ce wa direba ya sauke ni a Moriki, daga nan na bi wasu mata masu tallar nono da suka san gidan.

Hutun nan na daga cikin mafi daɗin da na yi. Da asuba mukan saki maruƙa su ɗan tsotsa, a janye su, matar Kawu ta tatsa, ƙwaryar tana kumfa. Da hantsi mu shiga gona yin maimai, gero ya kai ƙirjina, raɓa tana jiƙa wando. Da rana in bi 'ya'yansa kiwo gefen fadama, muna cin ɗanyen wake a ɓoye, muna harbin kurciya da danƙo ba mu samu. Na koyi ɗaure maraƙi da igiya ta yadda ba zai shaƙe ba, na koyi gane saniyar da ke shirin harbi daga yadda take karkaɗa kunne. Amma kullum, in Kawu ya zauna shan fura, sai in gusa kusa da kunnensa mai ji in kawo zancen jirgi. Yakan ce, “Sha hurarka,” ko ya tashi ya ce zai duba wata saniya. Na ɗauka irin ja-in-jar manya ce da yara, wadda naci ke karyawa.

Wata rana da la'asar hadari ya taso mana a gona, muka fake mu biyu a 'yar bukkar da ake tsaron tsuntsaye. Ruwa ya sauko da ƙarfi, ana ta tsawa. Kawu ya zauna ya haɗa gwiwa, sandarsa a tsakanin ƙafafu, yana kallon waje. Na sake kawo zancen. 

“Kai dai ba ka gajiya, Lawali,” ya ce. “To, guda nig gani kusa. Sauran duk daga nesa na, kamar shaho.”

Ya sa bakin sanda ya zana shi a jiƙaƙƙiyar ƙasar ƙofar bukka. Ba irin na littafinmu ba ne. Wannan yana da farfela biyu, ɗaya a kowane fuffuke, da dogon hanci. Ya ce tsanwa biyu gare shi, an shafa su dabbare-dabbare, ɗaya kamar ganyen gero da ya sha ruwa, ɗayar ta yi duhu kamar ɗanyen kashin shanu. Cikinsa fari-fari kamar toka. A hancinsa an yi masa baki, ja, da fararen haƙora jere, da ido.

“Wutsiyar fa, Kawu?”

“Ja bisa, baƙi tsaka, tsanwa ƙasa. Cikin baƙin an yi rana rabi, rawaya, kamar tana hudowa.”

“Ashe ka gan shi sosai.”

“Na gan shi,” ya ce. “Har wanda ke ciki na gani.”

Sai ya goge zanen da tafin ƙafarsa. Ni kuwa ina ta maimaita launukan a zuciya kamar hadda, ja, baƙi, kore, rabin rana, don kada ɗaya ya kuɓuce mini kafin in koma gida. Sojan Najeriya ne ya ba ni labarin jirgin da ya gani a wurin yaƙi, don haka a kaina jirgin sojan Najeriya ne. Ko kusa wani tunani bai zo mini ba. A makaranta an gaya mana an yi yaƙi an gama, ƙasa ta zauna ɗaya, iyakar abin da muka sani ke nan. Daren nan Kawu bai ci tuwo ba, aka ce sanyin ruwa ne ya taɓa shi.

Da na dawo Ƙaura sai aiki ya kankama. Saboda zancen baki da ido, ban yarda in yi shi a gidanmu ba, a zauren su Sanusi muka kafa sansani. Na yi gangar jiki da fukafukai da karan bara da ya bushe sosai, na lulluɓe su da takardar buhun siminti da na jiƙa da ƙaro, ta bushe ta yi tauri kamar fata. Farfela na yanka daga gwangwanin madara, na soke su da waya ta yadda ko iska kaɗan ta taɓa su sai su juya suna ƙara. Tsawonsa ya kai daga yatsana zuwa kafaɗa. Fenti shi ne wahalar. Akwai wani mai rubutun mota kusa da tashar jirgin ƙasa, Sa'idu, wanda ke zana zaki da furanni a bayan manyan motoci. Na riƙa wanke masa buroshi da kananzir ina ɗebo masa ruwa, shi kuma yana bar mini guntun fenti a gindin gwangwani. Na tsinko ganyen gero daga gonakin bakin gulbi na kai masa, muka riƙa ɗiga rawaya a cikin kore muna gwadawa a jikin ganyen har suka zama ɗaya. Da na gaya masa abin da kore na biyu zai yi kama da shi, sai da ya ajiye buroshi don dariya, amma ya haɗa mini, da ɗan baƙi da ɗan ja. Haƙoran da gashin kaza na zana su, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi. Rabin ranar nan kuwa sau da yawa ina gogewa ina sakewa, har ta fito da tsirkiyoyin haskenta kamar yadda nake so.

Malam Habibu ya zo ya gani kafin ranar, ya zagaya shi yana jinjina kai. An haife shi bayan yaƙi, shi ma bai san komai game da wannan alama ba, ya ce wataƙila tambarin wata runduna ce. Da hannunsa ya rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, JIRGIN YAƘIN ƘASARMU, da sunana da na Baba a ƙasa. Ni kuma na dame Inna har ta aika wa Kawu cewa lallai ya zo, ɗansa ya yi wani abu saboda shi. Ban gaya mata mene ne ba, na so ya zama abin mamaki.

Haka muka isa filin makaranta a safiyar nan. Aka yi maci, aka yi jawabai, rana ta fara zafi. An jera tebura a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, nawa Malam Habibu ya sa a farko. Da na yaye zanen sai da ɗalibai suka yo kaina, har hedimasta ya sa manyan yara su kore su da tsumagiya. Daga inda nake ina hango Baba a cikin manyan baƙi da farar babbar riga, ina kuma hango Kawu can baya a cikin jama'a, ya fi kowa tsawo, da malfarsa da sandarsa, ya zo tun safe a motar kasuwa.

Babban baƙon wani dattijo ne, tsohon hafsan soja da aka gayyato daga Gusau. Ya taho a hankali, hedimasta na gefensa, Baba da sauran jami'ai na biye. Da ya iso teburina ya fara murmushi, ya sunkuya ya dubi hancin, sannan ya zagaya ta baya. A nan murmushin ya ɗauke. Ya karanta kwalin, ya sake duban wutsiyar, ya cire tabarau.

“Yaro, wa ya nuna maka wannan?”

Na ɗaga murya don kowa ya ji. “Kawuna ne, ranka ya daɗe. Kofur Dikko. Tsohon soja ne, ga shi can.” Na miƙa hannu na nuna shi, duk filin ya waiwaya.

“Wannan ba namu ba ne,” dattijon ya ce, ba da faɗa ba, amma wurin ya yi shiru har na baya sun ji. “Tutar waɗanda suka ɓalle ce ka zana. Wannan jirgin shi ne ya riƙa jefa mana bam.”

Ban fahimta nan take ba. Sai da na ga hedimasta ya fizge kwalin ya ɓoye a bayansa, na ga Malam Habibu ya sunkuyar da kai, na ga fuskar Baba. Lokacin mulkin soja ne, ranar bikin ƙasa, a gaban manya, ga sunan mahaifina a rubuce ƙarƙashin tutar tawaye. Wasu manyan yara suka fara ƙus-ƙus, wani ya yi dariya.

Jama'a suka buɗa wa Kawu hanya, ya taho yana jan ƙafa. Bai san me ake ciki ba, kunnensa bai kawo masa maganar ba, ya ga dai ɗan ƙanwarsa ya nuna shi. Yana murmushi ya iso. Sai idonsa ya sauka a kan teburin. A daidai lokacin iska ta taso, farfelun gwangwanin nan biyu suka kama juyawa suna ƙara, bakin nan ja da haƙoransa yana fuskantarsa. Na ga sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya durƙushe a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka, malfar ta gangara ƙarƙashin tebur. Dattijo mai furfura, wanda ko ruwa ba ya sha a gaban surukansa, ya dunƙule a cikin taɓo a gaban yaran makaranta. Ƙananan, da ba su san komai ba, suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa ne aka shirya.

Tsohon hafsan ne ya tsuguna da babbar rigarsa ya kama shi ta kafaɗa, ya yi masa magana a kunne, ya ɗaga shi. Kawu ya miƙe, gwiwoyin wandonsa duk laka. Ya ƙame kamar yadda sojoji ke yi, ya ce, “Ranka shi daɗe, yaro bai yi ƙarya ba. Haka yake. Ni na ban hwaɗa mai ko na wa na ba.” Dattijon ya riƙe hannunsa ya ja shi zuwa rumfar manyan baƙi, ya sa aka ba shi kujera da ruwa. Ni aka bar ni tsaye a bayan tebur. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in tsaya. Sanusi ne ya zo ya jefa zanen a kan jirgin, ya ɗauko malfar Kawu ya miƙo mini, na kasa kai masa, sai shi ya kai.

Na bi ta bayan gari na koma gida, na shige ɗakin ajiyar harawa na zauna. Ina jin lokacin da Kawu ya shigo, ina jin Inna tana roƙonsa ya ci abinci, ya ce sai wani jiƙon, motar Moriki za ta tashi. Bai tambayi inda nake ba, na kuma gode wa Allah da bai tambaya ba. Bayan ya tafi Inna ta leƙo. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma saba zama da ni ba, amma ranar ta zauna a bakin ƙofa ta juya mini baya. Ta ce su uku ne wurin uwarsu, akwai wani tsakaninta da Kawu, sunansa Buba. Na san sunan, nakan ji shi a addu'arta, na ɗauka ciwo ne ya kashe shi yana yaro. “Tare sunka shiga soja,” ta ce. “Suna rami guda jirgin nan yaz zo. Kawunka ɗai yad dawo.” Ta tashi ta koma madafa.

Baba bai doke ni ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya dawo bayan la'asar, ya cire babbar riga ya rataye, ya aika aka ɗauko jirgin daga gidan su Sanusi. Ya zauna a zaure ya dube shi tsawon lokaci, ya juya farfela ɗaya da yatsa. Sannan ya miƙo mini reza ya ce in kankare wutsiyar da bakin. Ina kankarewa hawaye na ɗiga a kan takardar simintin, shi kuma yana zaune yana jan carbi. Abin da ya ce kawai shi ne, “Aikin ya yi kyau. Da ka nuna min.” Ragowar Inna ta hura wuta da shi washegari. A makon aka kira Baba ofis ya yi bayani, ya dawo bai gaya wa kowa yadda aka yi ba. A ƙarshen zango aka mayar da Malam Habibu wata makarantar ƙauye wajen Galadi. Ba wanda ya ce saboda jirgina ne, ba kuma wanda ya ce ba saboda shi ba ne. Ni kuma na samu suna. Har na gama sakandare akwai masu kirana Ɗan Tawaye, wasunsu ma ba su san asalin sunan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yara suka mayar da faɗuwar Kawu wasa: ɗaya ya buɗe hannuwa yana kukan jirgi, sauran su zube ƙasa su rufe kai.

Na daina taɓa kara. Da wani hutun ya zagayo na ce ba ni da lafiya, Baba ya dube ni ya ce in shirya kayana. A hanya na yi ta tsara abin da zan ce, da na isa rugar duk ya gudu. Na tarar da Kawu yana gyaran turke. Na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi Inna da Baba, ya miƙo mini igiya ya ce jan maraƙin can ya kwance. Muka yi kwanaki ba wanda ya ta da maganar. Sai wata rana muna dawowa daga gona ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “An ce ka bar ƙira.” Na ce na bari. Ya ce, “Ba ka bari ba. Ka yi min na alhazai, hwari, wanda babu baki. Ni ban ga alamar zan shiga na gaskiya ba.” A can na yi masa shi, da karan rumfarsa da farar ƙasa, na yi masa tagogi da gawayi. Ya rataye shi da zare a tsakiyar ɗakinsa, yana nan har gara ta cinye shi. Bai samu zuwa Makka ba.

Yanzu ina koyar da zanen gine-gine a Gusau, kuma ban bar ƙira ba. Ƙananan jirage nake haɗawa, irin na roba da ake sayowa a kwali, in yi musu fenti daidai da na ainihi. Abin da na yi kwana da kwanaki ina nema a jaridun mai tsire, yau kafin shayi ya huce waya ta nuna mini shi: launin kowace ƙasa, alamar kowace runduna, har lambar da ke jikin wutsiya. Na ga hotunan jirgin nan mai haƙora, waɗanda na samu baƙi da fari ne, kuma na ga masu irin sha'awata daga ƙasashe daban-daban suna gardama a kan wane irin kore aka shafa masa. Nakan karanta har ƙarshe. Ban taɓa sa musu baki ba, shi ne kuma jirgi ɗaya da ban sake ƙerawa ba.

Rugar Kawu babu kowa a cikinta yau. Ya rasu kafin abubuwa su lalace, 'ya'yansa kuma sun watse bayan an kore musu shanu, wasu suna Ƙaura, wasu sun yi nisa. Hanyar Moriki da aka ɗora ni ni kaɗai a bayan buhunan gishiri, yanzu babba ma sai ya tambaya ya yi addu'a kafin ya hau ta. Kwanakin baya wata jikarsa ta zo gidana da ɗanta, yaro ɗan shekara bakwai ko takwas. Ya tsaya gaban kantar da nake jera jiragen, bai taɓa ko ɗaya ba, bai yi murna ba. Ya nuna wani mai launin toka ya ce irin wannan ne ke zuwa wajensu, in an ji shi ana shiga ƙarƙashin gado. Na ja shi muka koma tsakar gida, na sa aka kawo masa fura.

A zamaninmu sai yaro ya yi tafiyar yini kafin ya samu mutum ɗaya da ya taɓa ganin jirgin yaƙi. Ina ma har yau haka ne.